Kunama, Bugu da Iyaka: Abin da ke Cikin Kalmomin Masu Gwajin Lantarki

Pleasant Garden ƙaramin gari ne a gundumar Guilford, kudu da birnin Greensboro a jihar Karolina ta Arewa ta Amurka. Mazaunansa kimanin 5,000 ne, kuma sai a 1997 ya samu majalisar gari ta kansa. Gonaki ne da gidaje jefi-jefi, wanda ya ratsa shi da mota ba zai kawo a ransa cewa akwai abin da ya haɗa wurin da wayar da ke aljihun ɗan kasuwar Kantin Kwari ba. Amma garin yana zaune ne tsakanin manyan ma'aikatu biyu da cinsu da shansu ya rataya a kan lantarki na dijital. Ta arewa maso yamma, kusa da filin jirgin saman Greensboro, nan kamfanin Qorvo, wanda aka kafa a farkon 2015 bayan haɗewar TriQuint da RF Micro Devices, ya yi hedikwatarsa. Shi RF Micro Devices a Greensboro aka haife shi a 1991, William Pratt da Powell Seymour da Jerry Neal suka kafa shi bayan sun bar Analog Devices, kuma ya yi suna ne da ƙananan aisi masu ƙarfafa siginar waya. Nokia ce babbar mai sayen kayansa a shekarun da wayar salula ta shigo Nijeriya, wato daga 2001. Ta kudu maso gabas kuma, a kan babbar hanya mai lamba 421 kusa da garin Liberty, Toyota ta gina masana'antar batirin motoci wadda ta yi shelar kafa ta a Disamban 2021.

Duk wanda zai yi aikin gwaji a irin waɗannan wurare, babban injiniya ne ko ƙaramin ma'aikaci, akwai wasu 'yan kalmomi da dole ya san su kamar yunwar cikinsa. Kalmomin nan su ne dai ke yawo, rabi da rabi, a bakin masu gyaran waya na Farm Centre da titin Beirut a Kano, da masu gyaran inbata, da makanikan da ke sa wa mota kwamfuta. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, kowace kalma a cikinsu sunan wani zaɓi ne da mai gwaji yake yi tun kafin na'ura ta nuna masa komai. Wanda ya haddace sautin kalmar bai san zaɓin da take nufi ba, na'urar da ya saya da kuɗinsa za ta nuna masa hoto mai kyau, shi kuma ya karanta shi ba daidai ba, ya cire aisi mai lafiya ya jefar. Don haka ya kamata a koyar da waɗannan kalmomi da harshen da ɗan koyo yake tunani da shi, a kuma ba su sunayen da ke ɗauke da aikinsu.

Na'urar da zancen ya fi shafa ita ce wadda ake kira lojik analaiza. Mita, wadda kowane mai gyara yake da ita, adadi guda take ba ka, ta ce layin nan bolt kaza ne. Osiloskof yana zana maka surar wutar, hawanta da saukarta, amma a kan layi biyu ko huɗu. Analaiza kuwa ta haƙura da surar baki ɗaya, ta ɗauki layuka da yawa a lokaci guda, takwas ko 16 ko fiye da 100, kuma abu ɗaya take rubutawa game da kowane layi: ɗaya ne ko sifili. Larura ce ta haife ta. Intel ya fitar da ƙwaƙwalwar 4004 a 1971, injiniyoyi suka wayi gari da layuka birjik masu magana tare, osiloskof ba ya iya binsu. A 1973 Hewlett-Packard ya fito da samfurin 5000A, wanda ke nuna layi biyu da jerin ƙananan fitilu 32 ga kowane layi, fitila a kunne ɗaya, a kashe sifili. Ita kalmar lojik kuwa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun zaure, domin manɗiƙi ne, ilimin auna magana a gane gaskiya ce ko ƙarya. George Boole ya mai da shi lissafi a littafinsa na 1854, Claude Shannon kuma ya nuna a 1937 cewa makunnan lantarki za su iya yin wannan lissafin. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har ya kare shi a jayayyarsa da Suyuɗi na Masar. Ashe tushen abin yana cikin gidanmu, sunan ne kawai ya zo mana da wata riga.

Kalma ta farko da ya kamata ɗan koyo ya riƙe ita ce tireshol, wadda asalin ma'anarta a Turanci dokin ƙofa ne, ni kuma zan kira ta iyaka. A cikin waya ko kwamfuta babu wani abu mai suna ɗaya ko sifili, ƙarfin wuta ne kawai yake hawa yana sauka. Wani ne ya yanke cewa daga nan zuwa sama a kira shi ɗaya, daga nan zuwa ƙasa a kira shi sifili. A tsohon tsarin TTL mai aiki da bolt 5, abin da bai wuce bolt 0.8 ba sifili ne, abin da ya kai bolt 2 ɗaya ne, abin da ke tsakani kuma ba a yi alkawarin komai a kansa ba. Wayoyin yau da yawa layukansu a bolt 1.8 suke magana. To, a ce mai gwaji ya ɗora tsinkensa a kan irin wannan layi alhali ya bar iyakar analaiza a bolt 2.5, wadda ta dace da kayan bolt 5. Layin yana ta aiki, saƙo na wucewa, amma bai taɓa ƙetare 2.5 ba, saboda haka allon zai nuna sifili shimfiɗe daga farko har ƙarshe. Mai gwaji ya ce layin ya mutu. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, tambayar da aka yi mata ta amsa, wato ko layin ya ƙetare iyakar da aka gindaya. Wanda aka gaya masa tun ranar farko cewa kalmar iyaka take nufi, kuma shi ne mai gindaya ta, da ya ga layi a shimfiɗe zai fara duba iyakar kafin ya ɗauki abin hura zafi.

Daga nan sai saurin ɗiban samfur, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Analaiza ba ta kallon layi kullum, leƙawa take yi ta kau da kai, ta sake leƙawa. Kamar mai sayen hatsi a Dawanau ne da yake soka ƙarfe a buhu ya ɗebo 'yan ƙwayoyi: abin da ƙarfen ya fito da shi gaskiya ne, amma tsakuwar da ke tsakanin wurin da ya soka da na gaba ba zai gan ta ba. Ƙananan analaiza masu araha da ake kwaikwayon na farkon kamfanin Saleae, waɗanda ake jona wa kwamfuta a yi aiki da su da manhajar kyauta ta PulseView, layi takwas gare su, kuma suna leƙawa sau miliyan 24 a sakan ɗaya. Adadin yana da girma a kunne, amma a yi lissafi. Tsakanin leƙe da leƙe akwai kusan nanosakan 42, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Duk abin da ya faru ya wuce cikin ƙasa da wannan tazara zai iya kuɓucewa. Irin wannan ɗan tsalle na wuta da ke gilmawa ba a gayyace shi ba shi ake kira gilic, kuma sau da yawa shi ne sanadin na'urar da ke aiki lafiya kwana uku ta tsaya a na huɗu. Ƙa'idar da ke ɗauke da sunayen Harry Nyquist da Shannon ta ce dole saurin ɗiba ya fi ninki biyu na saurin abin da ake ɗiba, masu aiki da hannu kuma ba su cika yarda da ƙasa da ninki huɗu ba, wasu har goma. Yanzu a gwada da abu biyu da ke cikin waya guda. Layin I2C, wanda Philips ya ƙirƙiro a 1982, a saurinsa na asali yana bugawa sau 100,000 a sakan, ke nan ƙaramar analaiza za ta leƙa kowane bugu sau 240, ta gan shi sarai. Amma layin RFFE, wanda ƙwaƙwalwar waya ke ba wa sassan rediyo irin na Qorvo umarni ta kansa, yana iya bugawa sau miliyan 26 a sakan, sabon tsarinsa ma har miliyan 52. A nan leƙen bai ko kai sau ɗaya ga kowane bugu ba. Abin da ya fi haɗari shi ne allon ba zai fito fanko ba, zai zana hawa da sauka masu kama da gaske, waɗanda ba su taɓa wanzuwa a kan layin ba.

Na ambaci bugu, ga dalilin da ya sa na zaɓe shi. Turanci kulok yake cewa, wanda ya fassara shi kai tsaye kuma zai ce agogo, ya ɓatar da ɗalibi, domin layin kulok ba ya faɗin ƙarfe nawa. Aikinsa irin na gangar noma ne a wurin gayya: kowane bugu, fartanya ta sauka tare. Duk aisin da ke kan layi ɗaya suna jiran gaɓar hawan bugun ko gaɓar saukarsa, a daidai nan suke karanta abin da ke kan layin saƙo. Daga wannan ne analaiza ta samu hanyoyin dubanta guda biyu. A duban lokaci, da nata bugun take leƙawa, mai sauri, don a auna tazarar da ke tsakanin abubuwa. A duban hali kuwa, aron bugun na'urar da ake gwadawa take yi, ta leƙa kawai a lokacin da aisin kansa yake leƙawa, don a ga abin da shi aisin ya gani. Tambayoyi biyu ne daban, wanda bai bambance su ba zai nemi amsar ɗaya a cikin ɗayar. Akwai kuma tagwayen kalmomi da ke rataye da bugu, setof da hol, lokacin shiri da lokacin riƙo. Mai awo da sikeli ya san su ko bai san sunansu ba: sai allura ta tsaya ake karantawa, kuma ba a ɗauke kaya sai an gama karantawa. Haka aisi yake buƙatar saƙo ya natsu na ɗan lokaci kafin bugu, ya kuma dakata na ɗan lokaci bayansa. Idan aka karya wannan, aisin na iya tsayawa tsaka-tsaki, ba ɗaya ba ba sifili ba, na wani ɗan lokaci da ba wanda zai iya ƙayyade shi. Thomas Chaney da Charles Molnar na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun wallafa hujjar gwaji a kan wannan hali a 1973, a lokacin da injiniyoyi da dama ba su ɗauke shi da muhimmanci ba.

Sai tiriga, kuma a nan Hausa ba ta buƙatar aro ko ƙirƙira, domin kunamar bindiga ce kalmar take nufi, kuma kamar yadda ake ɗana bindiga ko tarko, haka ake ɗana analaiza. Dalilin samuwarta shi ne ma'ajiyar na'urar tana da iyaka. Wadda ke iya riƙe samfur miliyan ɗaya, idan tana ɗiba sau miliyan 100 a sakan, kashi ɗaya cikin ɗari na sakan kawai za ta cika. A rage saurin zuwa miliyan ɗaya a sakan, sai ta ɗauki sakan guda cur, amma ta rasa ƙananan abubuwa. Wannan cinikin tsakanin tsawo da kaifi shi ake nufi da zurfin ma'ajiya. Tunda ba za a iya ajiye komai ba, sai a gaya wa na'ura sharaɗi: idan layi kaza ya sauka alhali layi kaza yana sama, ko idan lamba kaza ta wuce, to nan ne wurin. Tektronix ya yi suna da kunama a osiloskof tun samfurinsa na 511 a 1947, amma tsohon osiloskof abin da ya biyo bayan harbi yake nunawa. Analaiza kuwa tana rubutu tun kafin kunama ta tashi, tana goge tsoho tana ɗora sabo, don haka idan sharaɗin ya cika za ta iya ba ka abin da ya gabace shi. A ganina wannan ne mafi darajar abin da take yi, domin mai neman matsala ya riga ya san na'ura ta tsaya, abin da yake nema shi ne me ya faru gab da tsayawar. Wanda ya ɗauki tiriga a matsayin maɓallin farawa kawai ba zai taɓa tunanin waiwayawa baya ba.

Abu na ƙarshe a jerin aikin shi ne tafinta, wato manhajar da ke karɓar ɗaya da sifili ta mai da su zance bisa ƙa'idar layin. A ɗauki wayar da taɓawarta ta daina aiki. Aisin taɓawa yawanci ta I2C yake magana da ƙwaƙwalwa, layi biyu, ɗaya na bugu ɗaya na saƙo, kuma idan ba a magana dukansu a sama suke zaune. Mita za ta nuna bolt 1.8 a kan kowanne, mai gyara ya ce lafiya lau. Analaiza kuwa za ta nuna ƙwaƙwalwa ta ja layin saƙo ƙasa alhali bugu yana sama, alamar sallama ke nan, sannan ta kira adireshi mai lamba bakwai, ta ƙara ɗaya da ke nuna karatu take so ko rubutu, a bugu na tara kuma ta saki layin ta saurara. Idan aisin yana raye, zai ja layin ƙasa, amsa sallama ke nan, ita ake rubutawa ACK. Idan layin ya zauna a sama, an yi sallama ba a amsa ba, NACK. Sai dai a lura da iyakar wannan shaida: rashin amsa bai ce aisin ya ƙone ba. Mai yiwuwa wuta ba ta kai masa ba, ko layin farkar da shi yana riƙe, ko dalma ta saki a ƙarƙashinsa. Wanda ya fahimci kalmar a matsayin rashin amsa zai tambayi dalilin shirun, wanda ya haddace ta a matsayin alamar lalacewa zai je sayen sabo.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda takardun bayanin aisi da taswirar fanel da maɓallan na'urar duk da Turanci suke, kuma yaron da aka koya wa iyaka da kunama zai tsaya cak ranar da ya buɗe takardar Qorvo. Maganar tana da ƙarfi, kuma ban ce a jefar da kalmar Turanci ba. Dole ya san ta, ya gane ta a rubuce, ya iya neman ta a intanet. Amma a duba abin da ke faruwa da ɗalibin da ya tashi a Pleasant Garden ya shiga Jami'ar A&T ta Greensboro, wadda aka kafa a 1891 kuma take kan gaba wajen yaye baƙaƙen fata injiniyoyi a Amurka, ko kwalejin fasaha ta gundumar da ke Jamestown. Shi ma sai an koya masa, ba a haife shi da ilimin ba. Bambancin shi ne ranar da malami ya furta kalmar tiriga, hoton bindiga ya riga ya zo masa, ranar da aka ce tireshol, ya ga bakin ƙofa. Rabin darasin yana cikin kalmar, kyauta. Injiniyoyin da suka raɗa waɗannan sunaye daga kayan gida da na titi suka ɗauko su don su taimaki tunaninsu. Yaron Kano da aka ba shi sautin kawai an hana shi wannan rabin, ana kuma mamakin ya fi jinkirin ganewa. Greensboro na cikin biranen Amurka da 'yan Nijar suka yi wa zaman gida, Zabarmawa da Hausawa, kuma ɗansu da ya taso da harsuna biyu shi ne ya fi kowa damar ganin wannan giɓin. Misalin JTAG ya isa shaida a kan abin da aro ba ma'ana ke jawowa. A kasuwar waya sunan wani akwati ne da ake tayar da matacciyar waya da shi. Asalinsa kuwa sunan kwamiti ne da kamfanoni suka kafa a 1985, aikinsa ya zama ƙa'idar IEEE 1149.1 a 1990, kuma matsalar da ya zo warwarewa ita ce ƙafafun aisi sun yi ƙanƙanta da cunkoson da tsinke ba ya kai musu. Sai aka gina hanyar gwaji a cikin aisin kansa, ta layuka huɗu, a tambaye shi halin kowace ƙafa tasa. Mai gyaran da ya san haka yana riƙe da hanyar bincike, wanda bai sani ba akwatin filashin kawai yake gani.

Wasu kuma za su ce mai gyara ba ya buƙatar analaiza, mita da jomfa da canjin aisi sun wadatar, kuma da su ake ciyar da iyali. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma ba ƙarama ba. Yawancin wayoyin da ake kawowa gilashi ne ya fashe, ko wurin caji ya lalace, ko ruwa ya shiga ya haddasa shot, kuma mita da ido mai kaifi sun fi komai saurin gano waɗannan. Manyan layukan da ke kai hoto ga allo ko masu haɗa ƙwaƙwalwa da ma'ajiya sun fi ƙarfin duk wata analaiza da ƙaramin shago zai iya saya. Ƙwarewar hannun masu gyaranmu kuma abin girmamawa ce, mutum ya ɗaga aisi mai ɗaruruwan ƙafafu ya mayar da shi ba tare da makaranta ta koya masa ba. Amma kayan da ke shigowa suna canza fuska. Batirin lithiyam na sola yana magana da inbata ta layin saƙo, idan ba su fahimci juna ba caji ya tsaya alhali babu abin da ya ƙone. Motocin Amurka tun 1996 suna da soket ɗin gwaji mai ƙafa 16, kuma daga 2008 doka ta wajabta su yi magana ta CAN, tsarin da Bosch ya gabatar a 1986, a kan ƙafa ta 6 da ta 14. Irin waɗannan motoci su ne ke cika garejinmu bayan shekaru, kuma masu haɗa fetur da batiri, irin waɗanda ake yi wa batiri a Liberty, sun fi su yawan zance a ciki. Na'urar da makanike ke jonawa tafinta ce kawai. Ranar da ta ce ba ta samu amsa ba, wanda ya san bugu da iyaka da amsa sallama ne kaɗai zai san inda zai dosa, sauran sai canje-canjen kaya da kuɗin mai mota.

Ƙorafi na uku shi ne wanda na fi ɗauka da nauyi, cewa kalmomin da ake ƙirƙira a ofis a ofis suke mutuwa. Tarihi ya goyi bayansa rabi. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta daɗe a bakin 'yan jarida, amma a kasuwa kwamfuta ta yi nasara, don ta fi gajarta. Yanar gizo kuwa ta zauna daram, don tana ɗauke da hoton abin kuma tana da daɗin faɗa. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya ba masu nazarin harshe da adabi kalmomin da har yau ake koyarwa da su, kuma sun rayu ne don akwai malamai da ɗalibai da ke amfani da su kullum a aji da jarrabawa. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne kalma tana rayuwa ne idan gajera ce, tana da hoto, kuma akwai wurin aiki da ake buƙatarta. Shi ya sa ban ga amfanin fassara komai ba. Aisi da fanel da mita da giraun sun zauna, a bar su, sunayen abubuwa ne da ake nunawa da yatsa. Waɗanda ke buƙatar Hausa su ne sunayen tunani, waɗanda ba a iya ɗagawa a nuna: iyaka, ɗiba, bugu, kunama, shiri da riƙo. Kuma masu raɗa sunan su zama iyayen gida a shagunan gyara da malaman kwalejojin fasaha, masana harshe su zo daga baya su daidaita rubutu. Idan wani maigida a Farm Centre ya samo kalmar da ta fi bugu dacewa, tasa za a ɗauka.

Gwada wannan ba ya buƙatar ɗakin bincike. Ƙaramar analaiza mai layi takwas, da allon Arduino, da tsohuwar kwamfuta sun isa aji guda. A sa allon ya aika harafin k ta layin UART a saurin 9,600, a jona giraun da giraun, a ɗana kunama a kan gaɓar sauka, domin layin a sama yake zaune sai zai fara magana. Ɗalibai za su ga saukar farko, sannan gurabe takwas masu ɗauke da lamba 107, ƙaramin gurbi a gaba, kowanne faɗinsa kusan kashi 104 cikin miliyan na sakan, sannan layin ya koma sama. Daga nan a aika ƙ mai lanƙwasa. A tsarin UTF-8 ƙunshi biyu masu gurabe takwas-takwas take tafiya, 198 da 153, don haka za ta ɗauki ninkin lokacin da k ta ɗauka, sakan 0.002 da ɗan ɗori, kuma kowa zai iya ƙirga guraben da yatsa a kan allo. Sai malami ya canza wa tafinta sauri zuwa 19,200 ba tare da ya taɓa ko waya ɗaya ba, ya bar yaran su ga hawa da saukar suna nan yadda suke amma lambobin da ke ƙarƙashinsu sun rikice, ya tambaye su a cikin layin da na'urar da mai gwajin wane ne ya canza.